Na samu admishan amma ga yara uku a hannuna, ta ina zan fara?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya cika min ciki, yau kusan sati biyu ban yi barcin kirki ba. Ni bazawara ce, shekarata 28, ina wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. An min aure ina gama sakandare a 2015, sakamakona ya yi kyau har da Turanci da lissafi, a lokacin an yi wa Babanmu alƙawari in na tare zan ci gaba, to shekara ta zo ta wuce sai ciki sai goyo, maganar ta bi ruwa. Shekara ɗaya da rabi kenan da auren ya mutu, na dawo gaban Innarmu da yara uku, babban shekararsa tara, mai bi masa mace ce shekara shida, ƙaramin bai cika uku ba. Babanmu ya rasu tun kafin a sake ni.

Bana na daure na tara kuɗin ƙuli-ƙuli na yanki JAMB, ban gaya wa kowa ba sai Inna, kuma Allah ya taimake ni na samu gurbin NCE, wato karatun malanta, a wata kwalejin ilimi, bazan faɗi sunanta ba saboda akwai 'yan garinmu a zauren nan. Da na je na karɓo takarda na yi lissafi, rajista da sauran tarkace wajen dubu 75, ɗaki in zan raba da wata yarinya dubu 30 rabona na shekara, ban sa kuɗin mota ba ban sa handawut ba ban sa abin da zan ci ba. Abin da ke hannuna dubu 38 ne cif, sai akuya biyu da bunsuru ɗaya, sai 'yar gayaunar da na gada wajen Baba. Sati uku ya rage a rufe rajista.

Uban yaran tun da na fito sau uku ya aiko da abu, kayan sallah sau biyu sai kwano biyar na gero sau ɗaya. Cinsu da sabulunsu da maganinsu da kuɗin Islamiyya duk a ƙuli-ƙulin nan yake, ribar kuma in ta yi kyau dubu biyar ce a sati. In na tafi makaranta wa zai soya? Yayana ya ce in haƙura in yi aure, akwai wani mai shago da ya fito ya ce shi zai biya min karatun. Wani kuma ya ce in ba shi jinginar gayaunar ya ba ni dubu 150. Wallahi kaina ya kulle. Wadda ta taɓa bin hanyar nan ta gaya min gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Ummu Haidar: Wa alaikumussalam. Kai masha Allah, shekara goma da barin aji ki zauna JAMB ki ci, wlh ba ƙaramin abu kika yi ba. Yaya kinsan da NELFUND kuwa? Bashin karatu ne na gwamnatin tarayya, Tinubu ya sa hannu a dokar a watan Afrilu 2024 aka buɗe shafin cikewa a watan Mayu, ni yanzu haka da shi nake karatu. Babu ruwa ko sisi, suna biya wa mutum kuɗin makaranta kai tsaye cikin asusun makarantar sannan in kin nemi na kashewa dubu 20 ne duk wata a asusunki. Abin da ake nema lambar JAMB, NIN, BVN, takardar admishan da lambar ɗalibi, ba a neman mai tsaya miki, dokar farko ta 2023 ce ta sa wannan sharaɗin kuma an cire shi.

Maman Sadiq: Na ji labarinsa a rediyo amma na ɗauka na 'yan jami'a ne kawai. To zai iso kafin sati uku?

Ummu Haidar: Har kwalejin ilimi da poli duk suna ciki in dai ta gwamnati ce. Amma gsky kar ki ɗora rajistar farko a kansa, sai makaranta ta tura sunanki cikin ɗalibanta kafin shafin ya gane ki, ita kuma sai kin zama ɗaliba da lamba, kinga kenan na farkon nan daga aljihunki zai fita. Ki ɗauke shi a matsayin abin da zai riƙe ki daga baya. Kuma ki cike da kanki ko ki tsaya a kan mai kafe yana cikewa kina gani, kar ki bar masa lambar sirrinki, asusun da za a sa ya zama naki da sunanki.

Ɗan Kunchi: Ni fa ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Masu NCE nawa ne a zaune a ƙauyukanmu? A layinmu kaɗai akwai huɗu, biyu suna koyarwa a makarantar kuɗi ana basu abin da bai kai kuɗin cefanen sati biyu ba. Mace ta bar yara uku wajen tsohuwa ta tafi shekara uku ta dawo da takarda da bashin gwamnati a wuya, ina ribar? Ga miji ya fito, ta yi aurenta ta rufa wa kanta asiri, dubu 38 ɗin ta ƙara a jari.

'Yar Tsanyawa: Malam auren farkon ma ai da alƙawarin karatu aka yi shi, ka karanta rubutun kuwa?

Ɗan Kunchi: Na karanta ƙanwata. Don wani ya saɓa ba shi ke nuna kowa zai saɓa ba.

Malama Talatu: Ɗan Kunchi maganarka ta rashin aiki gaskiya ce ba zan musa ba, amma bari in ba Maman Sadiq labarina don ni na bi hanyar da ƙafata. Mijina rasuwa ya yi ya bar ni da huɗu, na shiga NCE ina da shekara 31 da goyo a bayana. 'Yata ki saurare ni da kyau, kuɗin rajista shi ne ƙaramin abu a cikin lamarin nan duk da shi ne yake hana ki barci yanzu. Rajista sau ɗaya ake biya a shekara, mutum zai iya sayar da akuya ko ya roƙi dangi a haɗa masa, kowa yana jin kunyar a ce ɗan uwansa ya rasa admishan saboda dubu talatin. Abin da ke korar mata daga makaranta shi ne na kullum, yau handawut, gobe a ce a haɗa kuɗin aikin rukuni, jibi a bugo waya yaro ba lafiya sai kin hau mota kin je kin dawo, ga garin kwaki ya ƙare a ɗaki, wannan ba wanda za ki iya roƙa kullum. Mu tara muka fara masu yara a ajinmu, mu huɗu muka gama, kuma cikin biyar ɗin da suka bari ba wadda jarrabawa ta kayar, duk a zango na biyu da na uku suka zube lokacin da ɗokin dangi ya wuce kowa ya koma harkarsa. Sannan ga TP a gaba, wato koyarwar gwaji, wata da watanni kina zuwa koyarwa kullum da kuɗin motarki da kayan koyarwa da kika saya da kanki ba mai ba ki ko kwabo.

Saboda haka kafin ki biya ko naira ɗaya ki zauna da takarda ki raba lissafin gida biyu, bakinki daban bakin yara daban. Za ki ga naki mai sauƙi ne, mace ɗaya da 'yar sana'a a hannu da dubu 20 ɗin da Ummu Haidar ta faɗa za ta iya lallaɓawa. Na yaran ne dutsen, kuma wannan dutsen ba a kanki Allah ya ɗora shi ba, ubansu yana raye yana noma. Ni nawa ya mutu ban da wanda zan kama, ke kina da shi. Shekara ɗaya da rabi kina biya masa bashin da ke wuyansa da hayaƙin ƙuli-ƙuli, da yana sauke rabin nauyinsa da yanzu kuɗin rajistarki na ajiye har da canji.

Game da aiki kuma, ni shekara huɗu na yi ina koyarwa a makarantar kuɗi da Islamiyya kafin a ɗauke ni a ƙaramar hukuma. Wahala ce, amma ranar da aka buɗe ɗaukar malamai wanda ke da takarda aka kira, NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma makarantun ƙauye malamai mata suke nema ido rufe don iyaye sun fi sakin 'ya'ya mata in akwai malama.

Maman Sadiq: Malama Allah ya saka da alheri, wlh sai da na yi hawaye. Maganar uban yaran ita ce nake tsoro. Ranar da na aika ƙanina ya yi masa maganar kuɗin maganin ƙaramin cewa ya yi in na gaji in kawo masa 'ya'yansa. Kuma na san gidan, na san wadda ke ciki, babban ya je hutu sati ɗaya ya dawo da ƙwarƙwata da tsagewar ƙafa, ita macen tallan goro za a ɗora mata. Gara in ci wuya da su a gabana.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Akwai gyara a nan don mutane da yawa suna haɗa abu biyu da shari'a ta raba. Riƙon yaro daban, ciyar da shi daban. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da muke karantawa a zaure, in aure ya mutu uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ciyarwa da tufatarwa kuma suna kan uba duk inda yaran suke, gwargwadon ƙarfinsa, a duba aya ta 233 a Baƙara da aya ta 7 a Ɗalaƙ. Cewar da maza ke yi in ba za ki iya ba kawo min 'ya'yana ba ta da gurbi, barazana ce kawai don sun san uwa za ta yi shiru. Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar ƙwauron mijinta wajen Annabi SAW, ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada, bai ce mata ta yi haƙuri ta rufa asiri ba.

Abu na biyu da ya kamata yayanki ya sani, in kika auri wanda ba muharramin yaran ba ne kuka tare, haƙƙin riƙonki ya faɗi, sai dai ya koma hannun mahaifiyarki don kaka ta wajen uwa ita ke biye. Don haka auren mai shagon ba zai warware maganar yaran ba, sabon babi zai buɗe.

Ɗan Kunchi: Malam to in uban ba shi da shi fa? Mu dinga yi wa maza adalci, taki kaɗai ya gama da manomi bana.

Malam Na Zaure: Shi ya sa ayar ta ce gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Wanda ya iya ciyar da gidan da yake ciki ba a ce ba shi da komai ba, sai a raba da 'ya'yan da ke waje.

Maman Sadiq: Yana da shi daidai gwargwado, yana noman damina yana kuma yin na rani a bakin dam ɗin Thomas, bara ma ya ƙara aure.

Hajjo Kazaure: To shikenan magana ta ƙare, mai kuɗin lefe ba zai ce ba shi da na gero ba. 'Yar uwa ni na yi wannan rigimar na gama bari in gaya miki inda na yi kuskure don kar ki maimaita. Da farko kuɗi na nema duk wata, aka yanka masa ya amsa a gaban mutane, ya biya wata biyu ya daina, kullum sai ya ce bai samu ba kuma gaskiya manomi ba ya ganin kuɗi duk wata, ni kuma kuɗin motar zuwa karɓa ya fi abin da zan karɓo. Sai wata tsohuwa ta ce min ke wa ya gaya miki ana bin manomi kuɗi, hatsi ake binsa kuma da kaka. Muka koma aka sake zama aka rubuta buhun gero kaza da wake kaza ranar da aka yi sussuka, kayan sallah biyu, magani in an kawo takardar asibiti a raba. Wlh tun daga nan ban ƙara zuwa ƙofar gidansa ba, ƙaninsa ke kawowa a kura don shi ma kunya yake ji a ce amfanin gona ya shigo 'ya'yansa na waje ba su gani ba. Hatsi na ɗaki ko ba ki nan Inna za ta tuƙa musu tuwo.

Kuma kar ki fara da kotu, ki bi ta sama ta sama, kawunki ko baffanki ya samu mahaifinsa ko babban wansa, in bai yi ba mai unguwa da liman, in bai yi ba dagaci ko ofishin Hisba na ƙaramar hukuma suna yin sulhun nan kullum, kotu ce ta ƙarshe. Ko a ina aka tsaya a rubuta a sa hannu da shaidu ki ɗauki hoton takardar a waya.

'Yar Tsanyawa: Wannan shawarar ta hatsi wlh a rubuta ta da ruwan zinare, yayata ma haka ya kamata ta yi.

Baban Walid: Ni a kan gona da dabbobi zan yi magana don nan na sani. Ƙanwata kar ki kuskura ki ba da jinginar gayaunar nan. Dubu 150 za ta ƙare kafin ki gama aji ɗaya, shi kuma yana nomawa yana kwashewa har ranar da kika kawo kuɗinsa cif, ɗaliba a ina za ta haɗa dubu 150 a dunƙule? Gonaki nawa muka gani sun tafi a haka, shekara goma sai a ce cika min kaza ka riƙe gaba ɗaya. Ki ba da ita haya ta shekara ɗaya a biya ki a hannu, ko ki ba wani amintacce ya noma a raba amfani, gona tana nan da sunanki. Bunsurun ki kai shi kasuwar Ɗambatta ran Lahadi, ki samu namiji wanda ya san ciniki ya riƙe igiyar don in dillalai suka ga mace da alamar matsuwa sun gama da ke. Akuyoyin kar ki taɓa su, wata biyar akuya ke ɗaukar ciki, in suna samun harawa da dusa 'ya'yansu ne kuɗin rajistarki na aji biyu da aji uku. Sadiq ɗan shekara tara ai ya isa yi musu ciyawa bayan makaranta.

Malam Na Zaure: Ƙari a kan maganar Baban Walid, jinginar da ake yi a ƙauyukanmu wadda mai kuɗi ke cin amfanin gona kuma a mayar masa da kuɗinsa cif, malamai da yawa sun hana don bashi ne da ya jawo amfani. Haya ba ta da wannan matsalar.

Ummu Haidar: Tunda an zo maganar bashi, dan Allah Yaya duk matsin da za ki shiga kar ki taɓa bashin manhajar waya ɗin nan da ke turo saƙo, ruwansu ya wuce hankali kuma in kika yi latti kwana biyu duk lambobin da ke wayarki za su tura wa saƙon cin mutunci, wata a ɗakinmu har surukanta aka tura wa.

Ɗan Kunchi: To shi na gwamnatin ba biya za a yi ba? Bashi dai sunansa bashi.

Ummu Haidar: Za a biya mana, amma abin da doka ta ce sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa ake fara cira, kashi 10 cikin ɗari na albashi ko na ribar sana'a, wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa, wanda ya rasu an yafe ba a bin magada. Abin da ka karɓa shi za ka mayar ba ƙari. Ka haɗa wannan da jinginar gona ka gaya min wanne ya fi sauƙi.

Inna Mairo: Ni tsohuwa ce jikata ke rubuta min. Duk kun yi maganar kuɗi ba wanda ya tambayi ita Innar. Yaro ɗan shekara biyu da rabi ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon ƙafa. Ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta tsakani da Allah za ta iya, kar kunya ta sa ta ce eh. In da ƙanwa ko 'yar ɗan uwa da za ta dinga kwana a gidan a nemo ta tun yanzu. Kuma duk Juma'a ki dawo gida ko da bashi za ki hau mota, yaro yana mantuwa.

Maman Sadiq: Inna na gode Allah ya ƙara girma. Mun yi maganar, ita ce ma ta ce in tafi, ta ce ita ba ta yi ba ni ma aka hana ni, ba za ta so a ce 'yata ma ta tashi a haka ba. Matar ƙanina tana gidan kuma muna zaman lafiya, ta ce za ta karɓi suyar ƙuli-ƙulin a raba riba don kar masu saye su watse, ni kuma in dinga ɗaukar wani ina kaiwa makaranta.

Malama Talatu: Yawwa haka ake yi. Ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa suna tafiya a ɗakunan ɗalibai fiye da yadda kike zato, masu shan gari su ne kasuwarki, ki ƙulla na naira ɗari ɗari kuma kar ki ba da bashi ko wa ya zo da daɗin baki. In kina adashe ki samu uwar adashe yau ɗin nan ki nuna mata takardar admishan ki roƙi ɗaukar farko, mata suna tausayin irin wannan. Sannan in makarantar ta jihar Kano ce ki duba da kyau ko kuɗin da aka rubuta miki na 'yan jiha ne, tun 2023 gwamna Abba ya rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantun jiha, kar rashin takardar shaidar ƙaramar hukuma ya sa ki biya na baƙi. Takardar nan ki nemo ta ko ba don wannan ba, hukumar tallafin karatu ta jiha ma sai da ita.

Baban Walid: In kuma abin ya ƙi ci bana akwai NTI, cibiyar malamai ta Kaduna, suna yin NCE na ƙarshen mako a cibiyoyinsu, mutum yana gidansa yana sana'arsa. Matata ta nan ta yi.

Malama Talatu: Hanya ce mai kyau ga wadda ba ta da mai riƙe mata yara, amma ita tana da Inna tana da admishan a hannu, kar mu buɗe mata ƙofar ja da baya tun ba ta gwada ba.

'Yar Tsanyawa: Ni maganar mai shagon ce ke ci min rai. Yaya in da gaske yake son ki da karatun ai ba sai an ɗaura ba, ya bari ki yi ko shekara ɗaya a ga kamun ludayinsa. Mu nan an yi auren gata na Hisba a 2023 aure 1,800 aka ɗaura a jiha, wasu sun zauna lafiya wasu ko shekara ba su rufa ba suka dawo da ciki, aure ba ya biyan kuɗin makaranta sai mijin ya ga dama. Ranar da ya ce ba inda za ki wa za ki kai wa ƙara?

Ɗan Kunchi: Ki daina yi wa mutum mummunan zato baki san shi ba. Amma na yarda in za a yi a sa karatun a sharaɗi gaban waliyyai da shaidu. Kuma maganar hatsin nan ta Hajjo ni ma ban taɓa tunaninta ba, zan gaya wa wani abokina da ke irin wannan rigimar da tsohuwar matarsa, ta fi masa sauƙi shi ma.

Hajjo Kazaure: Ka gaya masa ya kai tun ba a kira shi gaban dagaci ba.

Maman Sadiq: Ban ƙi aure ba wlh, ni ma mace ce kuma zaman zawarci a ƙauye kun san yadda yake, ko rijiya ka je da mayafi mai kyau sai an yi magana, yanzu ma da aka ji zan kama ɗaki a wani gari har an fara cewa abin da ake cewa. Amma sau ɗaya aka yi min alƙawarin nan ina yarinya na yarda, Baba ya rasu yana cewa in yafe masa da bai tsaya a rubuta ba. Bazan ƙara shiga ɗakin kowa da alƙawarin baki ba. Na gaya wa Yaya ya ce wa mutumin in zai iya jira in gama aji ɗaya bismillah.

Admin: Masu turo min saƙo ta gefe suna neman lambar asusunta, ba ma sa lambar kowa a fili a zauren nan saboda 'yan damfara. Malama Talatu da Hajjo za su yi magana da ita su ga takardar admishan da idonsu, in sun tabbatar wanda ya yi niyya sai ya bi ta hannunsu. Maza kuma dan Allah kar wanda ya bi ta ta gefe da sunan taimako, duk wanda aka kawo ƙararsa zan cire shi.

Maman Sadiq: Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana shida. Ran Lahadi Kawu ya kai bunsurun kasuwa an sayar dubu 34, uwar adashe ta yarda ta ba ni ɗauka ta biyu don ta farko an riga an yi wa mai haihuwa alƙawari, abin da 'yan zauren nan suka haɗa ta hannun Malama dubu 21 ya shigo, Allah ya biya ku da gidan Aljanna ban san fuskar ko ɗaya a cikinku ba. Jiya na biya rajista an ba ni lamba. Gayaunar na hana jingina, maƙocinmu zai karɓa haya in damina ta matso.

Uban yaran kuma Kawu ya samu babban wansa, da farko ya hau faɗa ya ce a kawo masa 'ya'yansa, sai liman ya karanta masa abin da Malam ya faɗa a nan kusan kalma da kalma, ya yi shiru. Ya amsa buhu biyu na gero da kaka amma ya ƙi maganar wake da magani, kuma ya ce shi ba zai sa hannu a takarda ba sai ka ce ɓarawo. Kawu ya ce a bar shi ya huce, ran Alhamis za a sake zama a gidan mai unguwa. Hajjo dan Allah in kina da hoton takardarku ki rufe sunayen ki turo min in ga yadda aka tsara ta, ina so in je da tawa a rubuce. Ummu Haidar ke kuma ran Litinin zan shiga makaranta, in na je kafe ɗin zan kira ki.

Hajjo Kazaure: Na tura miki yanzu duba. In ya ƙi sa hannu ba komai, mai unguwa da liman da wansa su sa nasu a matsayin shaidu ya wadatar, kuma ki sa a rubuta girman buhun, kwano nawa ne a ciki, don nawa buhun siminti ya fara aiko min da shi.